Na Ɗora Wa Marainiya Satar Ɗan Kunne

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana don Allah, kuma mai zagi ya riƙe abinsa, wanda nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ƙarar murfin kwano ce ta fara komai. Ina kwance bayan azahar na ji ƙwas a madafa, na leƙa sai ga Hassu, ɗiyar da nake riƙo, tana juye rabin tuwonta a wani kwano. Marainiya ce. 'Yan bindiga sun ƙone ƙauyensu, su biyu kaɗai suka fita a layin gidajensu, ita da ƙawarta Dije, suka yi kwanaki a daji har aka tsince su. Mu muka ɗauki Hassu a nan Gwandu, maƙwabciyata ta ɗauki Dije. Tun a dajin ba mai cin abu ita kaɗai, ko goriba ce sai an raba, ashe tuwon ma Dije take kai wa. In suna tare ne kawai za ki ji dariyarsu.

Matsalar ita ce maƙwabciyar nan tawa, shekara huɗu muna gaba, kuma Allah ya sani bakinta ya fi reza. Ran nan ta ɗago kwanon ta saman katanga, gaban mata masu ɗibar ruwa, ta ce, "Ke malama, riƙe sadakarki! An ce miki yunwa muke kwana da ita? Ciyar da taki tukuna, ga ta nan kamar sillen kara." Suka kwashe da dariya. Ni da nake hana cikina in ba yarinyar nan? Ni za a tozarta?

Sai na ɓoye ɗan kunnena a samira, na aika wa mijinta cewa tun da Dije ta shigo ban gan shi ba. Shi mutum ne mai gudun abin kunya, kwana biyu ya kai Dije wajen yayarsa a Kalgo. Wallahi ranar daɗi na ji, na ce yau makira ta ga iyakarta. Har yanzu in na ji muryarta zuciyata tafasa take, ba zan ɓoye ba.

Amma Hassu ta daina magana. Ta daina zuwa Islamiyya, abinci sai na tsaya a kanta. Ina sallah ina tuna hakkin maraya, sai in rasa raka'a ta nawa nake. In na faɗi gaskiya, matar nan za ta yi shela da ni har kasuwa, maigidana kuma ban san me zai yanke ba. In na yi shiru, Dije ta girma da sunan ɓarauniya. Me zan yi?

Abin da ya sa na rubuto, jiya ina yi wa Hassu kitso ta ce, ba ta ko juyo ba:

"Inna, na ga ɗan kunnen cikin samira. Ban gaya ma kowa ba, kar ke ma a kai ki wani gari."