Kwana Uku Kafin Kasuwar Gangara

Agiye, 18 ga Yuli, 2005

Zuwa ga yayana Isaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya tsare ka a ƙasar mutane, ya ba ka abin da ka fita nema. Yaya Abijan, yaya ruwan saman da ka ce ya ishe ku? Da ana zuba shi a buhu da na ce ka cika mana mota. Mu nan an yi shuka sau biyu, ta farko ta ƙone, ta biyun muna kallonta muna kallon sama. Rumbun Baba babu komai ciki tun bayan babbar salla, don abin da fara ta bari bara bai kai mu ko'ina ba. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, ita ke jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, da ake ci a gida. Duk motar da ta tsaya bakin hanya sai ta ce a duba ko kai ne. Ni ma ina kewarka ƙwarai, duk da ba wanda ya kai ka tsokanata.

Ka tuna dariyar da ka yi mini da na tafi Maradi koyon ordinatar, wato kwamfuta, ka ce na tafi koyon danne-danne? To, danne-dannen ne ya sama mini aiki a ofishin wata ƙungiyar agaji mai ciyar da yara masu tamowa. Duk yaron da aka karɓa a ƙauye ana cika masa takarda, ni kuma in shigar da ita cikin na'ura. Idan shugabanmu Musa ya tambayi yara nawa ke zuwa kowace rana, sai in rubuta wa na'urar umarni da harshenta da ake kira SQL, in ce ta tara waɗanda suka zo rana ɗaya wuri ɗaya, ta ƙirga kowane kashi, kamar yadda Inna ke kasa gyaɗa.

Makonni biyu da suka wuce na fitar da ƙidayar Gangara, sai ga kwana shida ba kowa, ranar kasuwa kuma yara sama da casa'in. Musa ya ce tunda mata ba sa zuwa sai ranar kasuwa, a riƙa buɗe wurin ciyar da yaran Gangara ranar kaɗai, sauran ranakun a mai da madara da ma'aikata garin Cadawa. Na ce masa a Gangara aka haife ni, ban taɓa ganin uwar da za ta zuba wa ɗanta ido yana ramewa tana jiran kasuwa ba. Ya ce ai daga hannuna ƙidayar ta fito. Haushi ya kama ni, don gaskiyarsa ce. Da na bincika sai na ga laifina. Takardun Gangara motar Jaye direba ke kawo su, shi kuwa ranar kasuwa kawai yake shiga garin. Ranar nake shigar da su duka, na'ura ta buga musu kwanan watan ranar, ni kuma da shi na yi kashin. Ainihin ranar zuwan yaro malamar likita ce ke rubutawa da biro a gefen takarda, ban taɓa kula da wurin ba. Kwana uku na yi ina bin takardun ɗaya bayan ɗaya. Da na sake ƙirgawa, babu ranar da ba a kawo yaro goma ba.

Yaya, a cikin bin takardun nan ne, a kashin waɗanda suka zo saura kwana uku kasuwa, na ga sunan 'yarka. Tala Isaka, shekara biyu da wata huɗu, kilo bakwai. Ni da hannuna na shigar da ita a baya ban lura ba, saboda yawan sunaye. Matarka Binta ba ta gaya wa kowa ba, kunya take kada a ce matar mai zama Abijan ta shiga layin tamowa. Na je Gangara na same su a wurin ciyarwar. Malamar ta ce mini da an jira kasuwa, da yanzu wata magana ake yi. Musa ya janye maganarsa, wurin yana buɗe kullum. Tala ta fara shan madara, tana zama da kanta. Na ɗauke ta, wallahi ban ji nauyin komai a hannuna ba, sai da na fita waje na yi kuka.

Ka dawo gida, Yaya, ko hannu wofi ne. Ka tafi tana shan nono, yanzu tana magana, kuma ba ta san muryarka ba.

Baba da Inna suna gaishe ka, haka Mahmudu da Delu. Ka gai da Kawu Iro da iyalinsa. Binta ba ta san na rubuto maka ba. In ka zo kada ka yi mata faɗa, don kilomita tara ta yi a ƙasa daga ƙauyen iyayenta zuwa Gangara da yarinyar a baya, ita kanta ranar ba ta ci komai ba.

Ƙanwarka mai jiranka,
Husaina