Takardar da na jefa a hula

Assalamu alaikum Edita, da duk masu karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a tsine mini a bari in kai aya, don tsinuwar da nake yi wa kaina ma ta ishe ni.

Ni malamin firamare ne a Gumel. Shekara biyu ke nan da na tara samarin unguwa muka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo na ban dariya, irin wanda ba a rubutawa, abin da ya zo bakinka shi ne wasan. Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a ajina, mu jingine bencuna, mu fara da ƙananan wasanni don jiki ya saki, kunya ta fita. Mukan yi da'ira ana miƙa tafi daga wannan zuwa wancan, wanda ya yi nauyin hannu ya yi kukan akuya. Sai madubi, mutum biyu su fuskanci juna, duk motsin da ɗaya ya yi ɗayan ya kwaikwaya. Na ƙarshe shi ne takardar hula: kowa ya rubuta wani irin mutum a guntun takarda a jefa a hulata, wanda ya ɗauka ya shiga tsakiya ya zama mutumin nan. Doka ɗaya na kafa, kullum ina nanatawa: abin da aka ba ka ba a ƙi, karɓa ake yi a ƙara.

A cikinmu akwai aminina, in kira shi Ɗanliti, direban motar wani Alhaji ne, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Gumel da Maigatari. Shi ne ya fi kowa iya wasa, tsayuwa kawai zai yi a fara dariya, kuma yau na yarda abin yana ci mini rai. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Malam, dundumi ya kama ni. Rana na faɗuwa hanya sai ta ɓace mini, shi ya sa nake baro kasuwa da wuri. Ina magani. Daga kai sai mai ɗakina kuka sani."

Me ya kai ni? Wallahi ba zan ce tausayin fasinja ba ne, ƙarya zan yi. Dariya kawai na hango. Na rubuta "direba mai dundumi" da hannun hagu don kada a gane rubutuna, na maƙale takardar a bakin hula, da na zo kansa na tura ta ƙarƙashin yatsunsa. Ya buɗe, ya karanta, ya ce, "Malam, a canza mini." Ni da bakina na ce, "Ka manta doka? Ba a ƙi." Sai ya shiga tsakiya. Ya riƙa laluben sitiyari, yana yi wa bishiyar kuka sallama wai ɗan sanda ne, yana tambayar fasinja ko gari ne a gaba ko garke. Har da masu birgima a ƙasa. Wani ya ce, "Kai, wannan ai kamar ka taɓa yi!" Na fi kowa ƙyaƙyatawa.

Kafin sati ya zagayo labarin wasan ya isa tasha, 'yan kamasho suka fara haɗa shi da dawowarsa da wuri. Alhaji ya tsare shi da magariba, ya ɗaga yatsu daga nesa ya ce ya ƙirga. Da ya kasa, a nan Alhaji ya karɓe makullin mota.

Wannan ma da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Ɗanliti ya ce matarsa ce ta kai maganar gidan suna, matan suka kai wa mazajensu, wani ya rubuta. Ta rantse, ta yi kuka, bai saurara ba, ya tura ta gidansu a Gagarawa da goyo a bayanta. Ni kuwa ko sau ɗaya bai zarge ni ba. Jiya ya same ni a makaranta, ya zaro guntun takardar nan daga aljihu, ashe yana yawo da ita, ya ce, "Malam, da kai ne mace da na huta, cikinka rijiya ne. Ran Juma'a baffanta zai zo. Rubutuna ba shi da kyau, kai nake so ka rubuta mini takardar sakinta."

Na ce, "Ka ƙara haƙuri, Ɗanliti, wataƙila ba ita ba ce." Ya ce, "To wa? Kai?" Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Jama'a, ga halin da nake ciki. In na faɗa masa, na rasa amini, ƙungiya ta watse, kuma da wane ido zan tsaya gaban yara ina koya musu riƙon amana? In na yi shiru, baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba za ta rasa ɗakinta. Na je ƙofar gidansa sau biyu yau ina juyowa. Ga takarda da biro ya bar mini a kan tebur, Juma'a kuma jibi ce.

Don girman Allah, me zan yi?