Zanen da Ba a Yi wa Mani Ba

Daga Jibo, a kasuwar bakin gulbi, ƙasar Kabi, zuwa ga Kawu Malam Shu'aibu, Dogon Dutsi.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina gaida Inna, ina gaida jakinka wanda ya hi ni ladabi.

Kawu, na ga ƙanena Mani. Maharan da suka ɗauke shi a gona sun sayar da shi ga wani dillalin bayi a nan. Yana ɗaure da igiya ɗaya da yara da dama. Na yi mishi kukan zakara irin wanda nake tada ku da shi, ya ɗago kai, amma bai yi dariya ba.

Akwai Arawa 'yan ƙasarmu mazauna garin nan, babbansu wani tsoho ne, Hamza. Al'adarsu, duk bawan da aka kawo da zanen Arewa a fuska, sai su haɗa hannu su fanshe shi. Na ruga na kawo tsohon. Ya kama haɓar Mani, ya juya dama, ya juya hagu, ya ce, "Yaro, wagga fuska sumul take. Da mi zan ce wa mutane namu ne?"

Kawu, kai ka hana wanzami taɓa shi. Sai ka gaya mini abin yi. Ka huta lahiya.

Daga Shu'aibu zuwa ga ɗana Jibo.

Aminci ya tabbata a gare ka. Bayan haka, na hana zanen ne domin ban ga dacewar a tsaga fuskar da Allah ya halitta ba, kuma har yanzu a nan nake. Ga shaida na rubuta cewa Mani ɗa ne, ba bawa ba, dattawan unguwa sun yarda da ita. Ka kai wa Hamza da dillalin. Kada ka yi wata dabara irin taka, can ba gida ba ne. Uwarka ba ta cin abinci. Allah ya kiyaye ku. Wassalam.

Daga Jibo zuwa ga Kawu.

Gaisuwa mai yawa. Shaidarka ta iso, rubutun ya yi kyau ƙwarai. Dillali ya riƙe ta a juye, ya yi fifita da ita. Tsoho Hamza ya ce shi fuska yake karantawa. Na ce to a yi wa Mani zanen yanzu. Ya ce ɗanyen zane kowa na iya yi wa kowa.

Ka ce kada in yi dabara. Yi haƙuri, Kawu, ita kaɗai na iya. Na je na ɗaga buhun gishiri a gaban dillali, na ce, "Baba, mi za ka yi da wanga ɗan tsako mai tari? Ga ni, ina noma, ina dako." Ya duba haƙorana, ya kwance Mani, ya ɗaure ni. Ni ai ina da zane, daga baki har kunne. Hamza ya ce ran kasuwa mai zuwa za su fanshe ni, in dawo in ci gaba da tsokanarka, ina ɗaure maka takalma da tabarma.

Sai dai yau da hantsi masu raƙuma masu kai bayi arewa sun sauka. Ba su jiran ran kasuwa, kuma zane bai dame su ba. Ɗayansu ya matsa kafaɗata, ya daɗe yana magana da dillali. Yanzu ga shi ana ɗaura kaya. An aika kiran Hamza, an ce ya tahi ƙauye.

Mani zai zo da wagga takarda tare da masu jakai. Kada a tambaye shi komai. A gaya wa Inna ta ci tuwo, nawa ma ta cinye. Sai wata rana.

Daga Shu'aibu zuwa ga ɗana Jibo, a hannun duk wani falke mai nufin arewa.

Aminci ya tabbata a gare ka, a duk inda ta same ka. Mani ya iso. Yana kwana a kan tabarmarka. Jiya na kira wanzami da kaina ya yi wa Mani zanen, ni na riƙe masa kai.

Ka dawo, ɗana. Wassalam.