Kwandon da Kuka Sayar Mana Ya Hana Inna Zuwa Makka

Zuwa ga Shugaban kamfanin zuba jarin da ya aiko mana da wakili Ɗanbatta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ban sa sunan kamfaninku a wannan takarda ba, don ban zo tozarta kowa ba. In ka karanta za ka gane gidanka. Na fito fili ne saboda na gaji da bi ta bayan gida. Na yi zarya a ofishinku na Kano har masu gadi suna tambayata mutanen gida, na kira lambar da kuka bayar har na haddace kiɗan da take yi kafin a ce in ƙara haƙuri.

Ni malamin gona ne mai ritaya, a wani ƙauye arewa da Ɗanbatta. Tun farko bari in faɗi abin da zai ba ka mamaki: ban zo kukan asara ba. Kuɗinmu ya haihu a hannunku, fiye ma da yadda muka zata. Haihuwar ce ta zame mana masifa.

Kuɗin na mahaifiyata ne, wadda muke kira Inna. A wajenmu babu makiyaya. Gona na jingine da gona tun daga bayan gidanmu har ƙauyen gaba, babu inda akuya za ta sa baki da damina ba a kai ƙara wurin mai gari ba. Dabba a turke take kwana take wuni, kai ne dajinta: ka yanko ciyawa, ka ajiye harawa, ka sayi dusa. Haka Inna ta yi tun rasuwar mahaifinmu. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta sayi akuya, awaki suka zama tumaki, tumaki suka zama maraƙi. In mun ce ta huta, sai ta ce ita ba kiwo take yi ba, Makka take tafiya a ƙafa, sannu a hankali. Lokacin da wakilinku ya zo, tana da bijimai biyu da tumakin da suka cika bayan ɗakinta.

A shekarar ne aka fara kwance wa mutane shanu a ƙauyukan da ke kusa da mu, gwiwoyinta kuma suka fara ƙin ɗaukar ciyawa. Kuɗin dabbobin bai kai kujerar Hajji ba. Ajiye shi a gida kuwa tsadar kaya ce za ta cinye shi, banki kuma Inna ba ta son jin sunansa saboda kuɗin ruwa. Muna cikin wannan tunani wakilinku ya zo wani taron ma'aikata a Ɗanbatta, saurayi mai fara'a, ga ladabi, ga iya zance.

Ya ce abin da kuke sayarwa sunansa ETF, amma mu kira shi kwando. Maimakon mutum ya sayi hannun jarin kamfani ɗaya ya zauna yana fargaba, sai ya sayi rabo a kwandon da aka zuba manyan kamfanonin ƙasa gaba ɗaya. Akwai ma'aunin da ake auna kasuwar hannun jari da shi. In ya hau kwandon ya hau, in ya sauka ya sauka. Da ya ji ni malamin gona ne, sai ya juyo ya ce ai kamar gonar da aka haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa ce, in ɗaya ya ƙi ɗaya zai yi. Nan ya kama ni, don abin da na yi rayuwata ina koya wa manoma ke nan. Muka sayar da dabbobin Inna a kasuwar Ɗanbatta, muka zuba kuɗin da sunanta.

Ga ƙorafina, ranka ya daɗe.

Na farko. A wurin taron nan, a gaban jama'a, na ɗaga hannu na tambayi wakilinku ko abin halal ne, na kuma gaya masa kuɗin Hajjin tsohuwa ne. Ya ce in kwantar da hankalina, wannan ciniki ne, akwai riba akwai faɗuwa, ba bashi da ruwa ba ne. Bai yi ƙarya ba, amma ya yanka gaskiya biyu ya ba ni rabi. Bai gaya mini cewa a cikin kwandon akwai bankunan da ke cin kuɗin ruwa ba. Bai gaya mini akwai kamfanin giya ba. Ya lissafo mini na siminti da na waya da na sukari, ya tsallake sauran. Ni da na yi shekaru ina hana manoma sayen maganin feshin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, na san sunan wannan a kasuwa: algus.

Shekara shida muna murna. Duk lokacin da na duba waya na ga ya hau, sai in je in yi wa Inna albishir. Jikoki suka fara kiranta Hajiya tun ba ta ga jirgi ba, ita kuma tana korarsu da muciya tana dariya. Ta yi wa rabin ƙauyen alkawarin zamzam da dabino. Bara, da na haɗa lissafi na ga kuɗin ya kusa cika kujera, sai na hau mota zuwa Kano don in sayar. Wata baiwar Allah da ke kan tebur a ofishinku ta tambaye ni abin da zan yi da kuɗin, na gaya mata cikin alfahari. Ta dubi hagu da dama, ta rage murya ta ce, "Baba, kuɗin Hajji ka ce? An gaya maka kamfanonin da ke ciki kuwa?" A bakinta na fara ji. Ina roƙonka da girman Allah kada a bincika wace ce, kada a taɓa mata aiki. A duk kamfaninku ita kaɗai ta ji tsoron Allah a kaina.

Na biyu. A ranar ne kuma na ji cewa kuna da wani kwandon daban, wanda malamai suka tace, babu banki mai ruwa, babu giya. Yana nan tun kafin wakilinku ya zo garinmu. Mutum ya shigo ƙasar da kiran salla ke tashin kowa, aka tambaye shi halal a gaban jama'a, yana da kwandon halal a jakarsa, bai fito da shi ba. Ban san dalili ba. Ko la'adar wancan ta fi tsoka, ko ba ku koya masa ba, ko ya raina mu ne ya ga ƙauyawa ba za su gane ba. Ku kuka sani. Da ya buɗe baki sau ɗaya, da yau Inna ta dawo daga Makka, da ni ma ban san ƙofar ofishinku ba.

Na koma gida na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na zauna na gaya mata komai. Ta ajiye gyaɗar ta ce, "Giyar da ake sha? Sabi'u, yanzu duk azumin da nake yi shekarun nan, ina da hannu a gidan giya?" Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Yayata Hajara ta yi ta faɗa da ni, wai wa ya aike ni in gaya wa Inna, wanda bai sani ba ai ba shi da laifi. Na ce da ita Inna ba ta sani ba, amma ni na sani, kuma ba zan tsaya a filin jirgi ina ɗaga wa mahaifiyata hannu alhali na san abin da ke cikin guzurinta ba. Har yau gaisuwarmu da Yaya ba ta wuce ina kwana.

Muka je wurin limamin garinmu, wanda Inna ba ta ƙetare maganarsa. Ya ce uwar kuɗin tata ce, ribar kuwa tunda ta gauraya, a fitar da ita ga amfanin jama'a, kada a sa ran lada. To, ranka ya daɗe, kai ka fi ni sanin abin da kuɗin shekara bakwai da suka wuce yake saye yau. Ribar ce kujerar. In an cire ta, babu Makka, ko Kano sai da dabara. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Ban haƙura ba. Na nemi wani malami a birni da ya san harkar kasuwancin zamani. Ya ce akwai mafita: a ware abin da ya fito daga bankuna da kamfanin giya a fitar, sauran ya zama mai tsarki, muddin kamfanin da ya juya kuɗin ya bayar da lissafi na gaskiya. Na kawo wa liman wannan magana. Ya ce in an kawo masa a rubuce, ya ga an rarrabe, shi da kansa zai je ya gaya wa Inna ta shirya. Mu 'ya'yanta muka yarda za mu cike giɓin da zai rage, ko da za mu jinginar da gona.

Na uku, kuma shi ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Wannan lissafi kaɗai nake nema a wurinku tun bara, kun hana ni. Wani ma'aikacinku ya ce in rubuta Legas. Na rubuta. Wani ya miƙo mini ƙaton littafi da Turanci ya ce komai na ciki, in karanta. Na karanta iya Turancina, na ga sunayen kamfanoni, ban ga rabon Inna ba. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya ce ku ba ku kuke zaɓar kamfanoni ba, ma'auni kawai kuke bi. Na ji. Jaki ma hanya yake bi, amma mai shi ya san abin da ya ɗora masa. Kun iya lissafa ladan aikinku a kuɗin Inna kowace shekara ba ku taɓa kuskure ba, amma ware na giya daga na siminti ya gagari na'urorinku.

Ina wannan zarya aka rufe karɓar kuɗin kujera. Maniyyatan ƙauyenmu suka tafi suka dawo. Maƙwabciyar Inna, wadda suka fara kiwo tare, ita ba ta ji daɗin bakin kowa ba, ta riƙe shanunta har ta sayar, ta je ta dawo ta kawo wa Inna zamzam a 'yar kwalba. Inna ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta shige ɗaki. Ni na fita bayan gari, don ba na so jikokinta su ga hawayena.

Inna ta haura saba'in. Yanar ido ta fara rufe mata ido ɗaya, daga ɗakinta zuwa randa sai da sanda. Kujera kuwa kowace shekara ƙara gudu take yi. Ta matsa mini na ciro mata uwar kuɗinta. Kuɗin bijimai biyu da garken tumaki, da ƙyar ya sayi maraƙi ɗaya da tunkiya biyu. An ɗaure su a turakun da manyan suka bari, ga ta nan ta sake fara tafiyar daga farko. Ribar kuma tana can wurinku, tana hawa tana sauka tare da ma'auninku, ba ta amfane mu ba, ba ta amfani mabukata ba. Inna ta hana a ambace ta a gabanta. Da na ce ta ƙara haƙuri takarda na zuwa, sai ta ce, "Furar da ƙuda ya mutu a ciki, kai ta tsame-tsamenka. Ni na ƙoshi."

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku ba ni lissafin nan a rubuce, da sa hannu da hatimi, yadda liman zai gane: wannan daga nan ya fito, wancan daga can. Ku hana wakilanku shiga kowane taro a ƙasar nan sai sun karanta wa mutane sunan duk kamfanin da ke cikin kwando, da Hausa, da babbar murya, tun kafin a miƙa musu ko sisi. In an tambaye su halal, su fito da kwandon da kuka tace. A taron nan ba ni kaɗai na saya ba. Akwai malaman makaranta, akwai wata ungozoma, akwai wanda ya zuba kuɗin marayun ɗan'uwansa. Wasu har yau ba su sani ba, kuma na rasa bakin da zan gaya musu, don na ga abin da sani ya yi a gidanmu. Wannan nauyin naku ne, ku sauke shi.

Ba zan ɓoye maka ba, ba na sa ran amsa. Wanda ya yi shekara bai amsa sallama a ƙofarsa ba, da wuya ya amsa ta daga kan titi. Ko yau takardar ta zo, ban san ko kuɗin zai ƙara kamo kujerar ba, ban kuma san ko ƙafafun Inna za su jira ba. Na rubuta ne don ranar da za a tambaye ni, in ce na faɗa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka dukiyarka daga abin da zai hana ka barci. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ba ka ikon kai ta Ɗakinsa da guminka mai tsarki, ka ga fuskarta ranar da ta dawo. In ta riga mu, Allah ya jiƙanta.

Akwai farin yadi da Inna ta saya tun shekarar da muka zuba kuɗin, ta ajiye a ƙasan akwati don a ɗinka mata kayan harami. Makon jiya na ga ta fito da shi tana shanyawa. Na yi farin ciki, na ɗauka ta sauko, na ce in kai wa tela. Ta ninke shi ta miƙo mini ta ce in ajiye a wurina, kada a sa masa almakashi, wanda za a yi da shi ba ya bukatar tela, kuma waccan tafiyar ba a biyan kuɗin kujera.

Yana nan a ɗakina, ranka ya daɗe.

Wassalam.

Naka,
Malam Sabi'u,
malamin gona mai ritaya,
daga wani ƙauye arewa da Ɗanbatta.