Rigar Aiki Har Gaban Likita

Phoenix, Arizona

Yaya Otilia,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Mama? Ya yara? Ki ce wa Baba ya rage hawa gonar kofi, shekaru sun ja.

Albishirinki, na ci jarrabawa, jiha ta ba ni lasisin aikin filasta! Yanzu da sunana nake karɓar kwangila. Doka ta ce in yi wa ma'aikatana inshorar rauni, ko da kuwa iya bangon da mutum ya gama ake biyansa. Na yi.

Kada hankalinki ya tashi: mijinki Nazario ya zamo daga tsani a wurin aikina ranar Talata, idon sawunsa ya tsage. A nan mun saba, in ka ji ciwo, ɗan kwangila zai ce ka canza kaya, ka gaya wa likita a ƙwallo ka faɗi, don kada ya biya diyya. Haka aka yi da kafaɗata bara. Ta warke, sai dai ba ta son in ɗaga hannu sama.

Na tarar da shi a ƙasa yana kiciniyar cire riga. Ya ce, "Wane fili za mu ce?"

Na ce, "Mijin Yaya, da wannan tumbin wa zai yarda kana buga ƙwallo? Mai da rigarka."

Da likita ta tambayi inda ya faɗi, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "A wurin aiki." Inshora ta ɗauki magani da kuɗin jinya.

Ki aiko mana da kofin gida. Allah ya kiyaye ku.

Rigar Nazario tana rataye da farar ƙurarta. Ya hana a wanke.

Ƙaninki,
Eleuterio