Abin Da Na Zaro Daga Malafa

Litinin, 9 ga Oktoba

Yau ranar malafa. Shekara ashirin da biyu ke nan ina yi wa 'yan aji sha ɗaya haka: in zuba 'yan takardu a tsohuwar malafar kamun kifi ta mijina Wendell, kowa ya zura hannu. Abin da ka zaro shi za ka tsaya ka kare na minti huɗu, ko da ranka ya tsane shi. Wanda bai iya faɗin hujjar abokin gardamarsa ba, ba gardama yake yi ba, haushi yake yi kamar kare a bayan shinge.

Ni nake fara zarowa. Tawa ta bana: "A daina rantsuwar tuta da safe a makarantu." Ni, da nake riga kowa miƙewa da hannu a ƙirji! Yaran suka fashe da dariya. Na ce su ɗauka a waya, su je gida su duba inda na ajiye kowace hujja. Na kuwa yi, na yi da kyau. Har tafi na samu.

Brynn Oberholt kaɗai ba ta tafa ba. Sai da na shiga mota na tuna da yayanta Dalton. Soja. Shekara uku ke nan da aka dawo da shi a akwati, lulluɓe da tuta. Ni na koyar da shi, kujerar bakin taga. Ya aka yi kika manta, Lorraine?

Laraba, 11 ga Oktoba

Daƙiƙa arba'in. Iyakar bidiyon da aka sa a shafin garinmu na intanet ke nan. An yanke malafar, an yanke inda na ce ba ra'ayina ba ne. Saura ni kawai, ina kaɗa yatsa ina cewa tilasta wa yaro rantsuwa ba ƙauna ba ce. Uban Brynn, Curtis, shi ya gani a wayarta ya sa.

Mutum ɗari uku sun yi sharhi. Rabinsu ni na koya musu inda ake sa waƙafi, kuma har yau ba su koya ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Shugaban makaranta, Hostetler, ya kira ni ofis. Da na zauna sai ya turo min kwanon alewa, kamar wata 'yar aji ɗaya.

"Lorraine, ni fa na san ki. Amma kin san garin nan."

Na ce na san shi kafin kai ka fara aske gemu.

Ya rubuta min takardar neman gafara, saura in sa hannu. A ciki akwai "na yi nadamar ra'ayin da na bayyana". Na ce wane ra'ayin? Na malafa? Na ɗauki jan birona na gyara masa jimla biyu na miƙa masa abarsa. Daɗin abin bai kai ni bakin ƙofa ba, ya ce in zauna a gida sai kwamitin makarantu ya zauna ranar 24. Su biyar za su jefa ƙuri'a a kaina.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Na kai Wendell wankin ƙoda. Sau uku a mako, kuma inshorar lafiyar a jikin aikina take rataye. In aikin ya tafi, ta tafi. Na zauna ina kallon jininsa yana zagaya cikin robar nan.

Ya ce, "Tsohuwa, da kin bar min malafata da yanzu kifi muke ci."

Na yi dariya don ya ga na yi.

Lahadi, 15 ga Oktoba

A coci benci guda aka bar mana. Ba mu taɓa samun fili haka ba.

Talata, 17 ga Oktoba

An dasa ƙananan tutoci a gaban gidanmu tun kafin mu tashi. Talatin da ɗaya, na ƙirga, a jere reras tun daga akwatin wasiƙu har matakala. Ba zagi, ba takarda. In na cire, a ɗauke ni hoto ina tuge tuta. In na bari, ga su nan. Duk wanda ya yi wannan ya iya gardama, Allah ya sa ɗalibina ne.

Shekara da shekaru ina gaya wa yara cewa rabin adabin ƙasar nan labari ɗaya ne: mutum guda, gari ya taso masa. Ina faɗa ina jin daɗin bakina. Ba marubucin da ya gaya min cewa abin har cikin gida yake bin ka. Mota in ta rage gudu a layinmu sai na leƙa ta labule.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Malamin tarihi ya kwashe rabin littattafan ajinsa ya kai gida a kwali. Gemun ɗan'uwansa ya kama wuta. Ban ga laifinsa ba. A'a, na gani. Matsoraci.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na ci karo da Brynn a kantin kayan abinci, wajen madara. Ta so ta juya, keken kayanta ya maƙale.

"Malama, wallahi na gaya masa wasa ne. Na gaya masa malafa ce."

Na ce ya ce me?

"Cewa ya yi, 'An tafa mata?' Na ce eh. Shi ke nan bai ƙara magana ba."

Ta ce mahaifinta ya yi kwana uku yana rubuta abin da zai faɗa a taron kwamiti, yana yagawa. Na ce ta duba ranar lalacewa da ke jikin madarar. Ni ke nan, gwanar magana.

Litinin, 23 ga Oktoba

Minti uku ake ba kowa a gaban kwamiti, da agogo a kan tebur. Na rubuta nawa, na auna sau shida: minti biyu da daƙiƙa hamsin. Babu ƙofar da na bari a buɗe. Akwai layi ɗaya da zai bar Curtis Oberholt ba wurin tsayawa.

Na karanta wa Wendell. Ya ce, "Ya yi kaifi." Na ce to? Ya ce, "Ai na faɗa. Ya yi kaifi."

In na sha ƙasa gobe, Juma'a nawa ta rage masa a kan injin nan kafin su ce mu nemi wani wuri? Na ƙi tambaya. Ina tsoron a ba ni amsa.

Talata, 24 ga Oktoba

Ƙarfe shida, ɗakin cin abincin makaranta, kujeru sun ƙare har mutane na jingine da bango. Warin miyar rana bai fita ba.

Curtis aka fara kira. Ya zo da rigar aikinsa ta gareji, rungume da tutar Dalton a naɗe kusurwa uku cikin gilashi. Ya rasa inda zai ajiye ta don ya buɗe takardarsa. Ya ce sunansa. Ya ce sunan yaron. Ya ce, "'Yata tana zaune a ajin nan, ita kuwa wannan matar…" sai ya tsaya. Ya sake farawa. Ya ce yaron yana son kamun kifi. Agogo ya yi ƙara.

Shugabar kwamiti ta ce, "Mun gode, Malam Oberholt, lokacinka ya cika."

Ya ce bai fara ba ma. Ta ce doka ce.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Fushi ne dai, amma ya sauya hanya. Mutum ya binne ɗansa, a yanke masa magana da agogon dafa ƙwai! Aka kira sunana. Takardata na hannuna, biyu da hamsin. Na kife ta.

Na ce, "Malam Oberholt bai gama ba. Zan ƙarasa masa, shi ne sana'ata."

Abin da na tuna na faɗa: cewa kowace safiya 'yarsa tana miƙewa gaban tutar da aka rufe yayanta da irinta, kuma wannan rabin mintin shi ne kaɗai lokacin da makaranta gaba ɗaya take tsayuwa tare da ita. Cewa malamar da ta koyar da yaron ta mai da abin wasan malafa, ta kalli hujjojinta ba ta kalli fuskar yarinyar ba. Cewa ba ra'ayin ne ya ƙona shi ba, tafin ne. Cewa iya magana ba izini ba ne.

Na gama saura daƙiƙa ashirin. Sai a lokacin na gane na tsaya gaban mutum biyar na ba su wuƙar da za su yanka ni, na wasa musu ita kuma. Na tuna Juma'ar Wendell.

Ƙuri'a uku da biyu, na tsira. Takardar gargaɗi a fayil ɗina, in koma aji ranar Litinin.

A wajen ajiye motoci Curtis ya tsaya nesa da ni kamar taku biyar.

"Ban yafe miki ba fa, Malama."

Na ce ban roƙa ba.

"Amma abin da nake so in ce ke nan." Ya gyara riƙon gilashin. "Dalton ya ce ke masifaffiya ce."

Na ce ya faɗi gaskiya, shi ma Dalton ɗin ba ya kawo aikin gida.

Saura kaɗan ya yi dariya. Na shiga mota na yi amai a jakar leda.

Laraba, 25 ga Oktoba

Tutocin sun tafi. Ramukan suna nan a ciyawa.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Mako guda da komawa. Hostetler yana gaishe ni kamar mai jinya. Brynn ta koma kujerar bakin taga, ban tambaye ta dalili ba.

'Yan ɗaya ajin ba su yi ranar malafa ba tukuna, suna ta naci. Gobe. Na zazzage takardun a teburin kicin don in duba su. Na cire ta tuta, wannan kowa zai gane. Ta dokar bindiga duk ta yamutse, ba ta karantuwa sosai. Ta addu'a a filin ƙwallo ma ta tsufa. Ta cire littattafai daga laburare kuwa, an yi ta bara.

Wendell yana kallona ta saman tabarau. "Saura nawa, tsohuwa?"

Na ce isassu, na mayar da su cikin malafar.

Ya zura hannu ya zaro ɗaya ya karanta da ƙarfi: "A ƙara minti goma a hutun cin abinci." Ya mayar da ita.

Huɗun na sa su a aljihun rigar sanyina, ba a shara ba. Ajiyewa kawai na yi. Kuma gobe kowa zai bar wayarsa a kwando a bakin ƙofa. Don su mai da hankali ne.