Takardar da Ta Faɗo daga Allo

Daga: Ma'aikaciyar tebur na uku, Ofishin Ba da Ranar Ganin Likita
Zuwa ga: Mai girma Daraktan Gudanarwa na Asibiti
Ranar 13 ga Mayu, 2024

Game da: Maɓallan sabon shafin aiki da barazanar ɗauke ni daga teburina

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina mai kawo kukana gare ka cikin ladabi. Ni makauniya ce. Shekarata goma sha ɗaya ina ba marasa lafiya ranar ganin likita ta waya, da taimakon manhajar da ke karanta min rubutun kwamfuta a kunne. Ba a taɓa kama ni da kuskure ba sai bana.

1. Ranar 5 ga Fabrairu aka sauya mana shafin aiki da wanda sashenmu na manhaja ya gina. Masu ido sun ce ya yi kyau, ban musa ba. Sai dai maɓallai uku na ƙasa, na tabbatarwa da na ɗagewa da na sokewa, zane ne kawai, ba a sa musu suna ba. Abin da manhajata ke faɗa shi ne maɓalli, maɓalli, maɓalli. Dole na haddace jerinsu kamar matakalar gidanmu.

2. Ranar 7 ga Fabrairu na kai kuka sashen. Shugabansu ya karɓe ni da mutunci. Ya ce aikinsu zango-zango ne na mako biyu: kowace buƙata ana rubuta ta a 'yar takarda mai gam a manna a allon bango, a farkon kowane zango su zaɓi na gaggawa. Ya rubuta tawa, har ya ɗora hannuna a kanta. Tana can ƙasa, kusa da makunnin fitila.

3. Zango shida ana cire ta a duba, a mayar da ita gurbinta, a ce sai zango na gaba. Kullum sai a ce min ba ƙin ta aka yi ba, ɗage ta aka yi. Ashe ma'auninsu na gaggawa shi ne yawan mutanen da abu ya shafa, ni kuwa ni kaɗai ce a ginin nan.

4. Ranar 22 ga Afrilu suka sake jerin maɓallan ba tare da sanarwa ba, na sokewa ya koma gurbin na tabbatarwa. A ranar na soke wa wani dattijo mai ciwon ƙoda ranar da ya yi wata biyu yana jira, kuma da bakina na ce masa an tabbatar. Ranar 6 ga Mayu ya zo daga nesa, aka mayar da shi. Na gane muryarsa a bakin ƙofa. Mutum ne da ya saba ce min “'yata”, bai ko yi faɗa ba, tambaya kawai yake ko shi ne ya manta ranar. Ranka ya daɗe, har yau abin yana cin raina.

5. Ranar 8 ga Mayu na koma sashen. Na laluba kusa da makunnin fitila, babu takardata. Yawan cirewa da mannawa ya kashe gam ɗinta, ta faɗo, mai shara ya kwashe. Dokarsu kuwa ita ce abin da ba ya kan allo ba aiki ba ne. Wata ma'aikaciyarsu ta ba ni haƙuri, ta ce gyaran ma bai kai aikin awa ɗaya ba, kuma za ta rubuta sabuwa. Sabuwa kuma daga ƙasan layi take farawa.

6. Yanzu ni aka ba takardar tuhuma. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar 27 ga Mayu, kuma an ba da shawarar a ɗauke ni daga teburina saboda wai na kasa tafiya da sabon tsari.

Ba na zargin kowa da mugunta. Mutanen kirki ne, kowace safiya ina jin su a tsaye suna lissafa abin da suka gama. Amma ina roƙon a sa wa maɓallan nan suna kafin zaman kwamiti, a janye tuhumar, kuma daga yau kada a kira shafi gamamme sai an gwada shi da kunne, an kashe fuskar kwamfuta. Sama da duka, a nema wa dattijon nan rana mafi kusa, a kuma bar ni in kira shi da kaina in gaya masa ba shi ya manta ba.

A jikin wannan takarda na maƙala ƙaramar ƙusa ɗaya. Idan za a sake rubuta kukana a allon, ina roƙon a kafe shi da ita.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Mai biyayya gare ka,
Ma'aikaciyar tebur na uku